Kwamfutata Ta Hana Iyalina Barci, Yaya Zan Rage Mata Ƙara?

TAMBAYA

Ni malamin sakandare ne a Zariya, lissafi nake koyarwa. Ban yi karatun kwamfuta ba, sha'awa ce ta kama ni tun ina ɗalibi, har ta kai in na ji labarin wata manhaja ba na samun sukuni sai na ɗora ta na ga yadda take aiki.

Bara bayan ƙaramar salla na tara 'yan kuɗi na je Kano na sayo kwamfutar tebur ta hannu, HP Z420, mai furosesa Xeon E5-1620 da katin hoto Quadro 4000. Wajen aiki ba ni da abin cewa. Da ita nake buga jarrabawa, ina haɗa katin biki, ina kuma naɗar darussa da muryata ina tura wa ɗalibai. Matsalarta ƙara ce. Da damina da ɗan dama-dama, amma tun da hunturu ya wuce bazara ta shigo ta koma kamar injin markaɗe. Ɗaki da falo muke zaune, muna da jaririya 'yar wata huɗu, ni kuma sai dare nake samun lokacin zama a gabanta. Maiɗakina ta yi haƙuri har ta fara gajiya, ɗalibai kuma suna cewa gurnanin injin ya fi muryata fitowa.

Na ɗora SpeedFan, ba ta ga fanka ko ɗaya ba. Wani abokina ya ce in zare wayar fankar baya, wani ya ce in manna soson katifa a cikin akwatin, wani kuma ya ce Windows ce ke wahalar da ita, in koma Linux. Wace shawara zan bi? Ko dai in sayar in huta?

Naka, mai karatu daga Zariya.

AMSA

Malam, Allah ya raya jaririya, ya saka wa maiɗaki da alheri. Wasiƙarka ta yi mini daɗi, domin yawancin gwanayen gyaran kwamfuta da na sani ta irin wannan taɓe-taɓen naka suka fara. Kada ka sayar tukuna. Kada kuma ka zare wayar fanka ko ka cusa soso. Ruwa ba ya tsami banza: fanka ba ta ɗaga murya sai wani abu a ciki ya ɗauki zafi, ko kuma injin ya zaci ya ɗauka. Wanda ya toshe bakinta ya bar zafin, ya yi garin gyaran gira ya rasa ido. Zafin za mu rage, ƙarar za ta bi shi ta sauka da kanta.

Ka fara sanin abin da ka saya. Kamfanin HP ya fito da Z420 a shekarar 2012 domin injiniyoyi da masu zanen gini da masu tace fim. Ramukan ram takwas ne a cikinta, kuma tana karɓar irin ram ɗin da ke gyara kuskurensa da kansa. An ƙera ta ta wuni ta kwana tana aiki, shi ya sa bayan kamfanonin Turai da Amurka sun gama da ita ta ƙetaro teku ta sauka Legas, ta hauro Arewa da sauran ƙarfinta. Da tsohuwar zuma ake magani. Sai dai an yi ta ne domin ofis mai na'urar sanyaya ɗaki. A takardun HP, zafin wurin da za ta yi aiki ya kamata ya tsaya tsakanin digiri 5 zuwa 35. Falon da ke ƙarƙashin rufin kwano a watan Afrilu yakan wuce nan da rana, ginin kuma ya riƙe zafin har tsakar dare.

Ga lissafi, tunda fanninka ne. Furosesarka in ta ɗauki aiki sosai tana fitar da zafin da ya kai wat 130, katin hotonka kuma wat 142. Ka haɗa, ka samu 272, wato ya zarce ƙwan lantarki irin na da mai wat 60 guda huɗu a kunne cikin akwati ɗaya. Duk wutar da injin ya sha, zafi take komawa, kuma iska ce kaɗai ke fitar da shi. Abin farin cikin shi ne ƙarar fanka tana hawa da sauri fiye da gudunta. In gudun ya ragu da rabi, ƙarar kan sauka da kimanin desibel 15, alhali ragin desibel 10 ma kunne na jin sa kamar an raba ƙara biyu. Ashe ɗan sauƙin da za ka samar wa fanka zai biya ka da yawa.

Kunne da takarda kafin sukudireba

Ranar farko kada ka kwance komai. Ka ɗora HWiNFO, kyauta ce, ka samo littafin rubutu irin na ɗalibanka. Ka rubuta zafin furosesa da na katin hoto da na faifan ajiya bayan minti goma da kunnawa ba ka buɗe komai ba, ka sake rubutawa kana tsakiyar aiki mai nauyi, tare da lokacin da ka auna. Ma'aunin da nake bi shi ne furosesar da ke zaune ba aiki kada ta yi nisa da digiri 50, a cikin aiki kada ta zauna sama da 80, faifai mai juyawa kuma kada ya kai 50. In kana so, ka sa manhajar auna ƙara a wayarka. Ba ta da daidaito sosai, amma in a wuri ɗaya kake ajiye wayar kullum, za ta nuna maka ko ka ci gaba.

Sannan ka ja marikin murfin gefe ka buɗe, injin na aiki. Ka naɗe takarda kamar bututu, ka kara baki ɗaya a kunne, ɗayan ka riƙa kai shi kusa da kowace fanka ba tare da ka taɓa ta ba: ta kan furosesa, ta baya, ta katin hoto, ta cikin fawa-fak, da ta gaba in akwai. Kowace cuta da muryarta. Shuuu mai ƙarfi iska ce, fanka na gudu saboda zafi. Gurnani ko ƙarr-ƙarr, musamman da an kunna, boris ne ya cinye. Ƙas-ƙas daga faifan ajiya yake fitowa. Zzz da ke ɗaukewa in ka dafa murfi, girgizar ƙarfe ce. Siririn tsiii mai shiga kunne kuwa daga kayan wutar katin hoto ko fawa-fak ne. Gani ya kori ji, amma a nan jin ne zai kai ka ga gani. Ina kyautata zaton bututun zai tsaya a kan katin hoto da fankar furosesa.

Abin da hunturu ya bari

Ka ce da damina da sauƙi, bayan hunturu abin ya ɓaci. Wannan ya isa shaida. Ƙurar da iska ke kwasowa daga Sahara, wadda kaso mai yawa nata ke tasowa daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi, ta fi garin tuwo laushi, kuma kwamfutarka ta shafe watanni tana zuƙar ta.

Akwai wani yaro mai shagon buga takardu da ya taɓa kawo mini yayar taka, Z400, yana cewa fanka ta lalace a canja. Da na cire fankar daga jikin ƙarfen sanyaya, sai ga wani abu kamar bargo ya rufe fuskar ƙarfen baki ɗaya, ruwan ƙasa-ƙasa, a haɗe da zaren tufafi da gashi da fukafukan ƙwari. Na sa yatsu biyu na kama gefensa, ya taso ɗungurungum, da zanen layukan ƙarfen a bayansa kamar an buga masa hatimi. Fankar lafiyarta ƙalau. Tana hura iska ne a jikin bango, injin na ƙara mata umarni ta yi gudu. Da muka mayar muka kunna, yaron ya sunkuya ya kara kunne don ya tabbatar tana aiki.

Ga yadda za ka yi. Ka kashe ta, ka zare wayar wuta daga bango, ka danne maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙoƙi don sauran wutar ta fita. Ka fitar da ita tsakar gida, nesa da jaririya. Kafin ka sa hannu a ciki ka dafa ƙarfen akwatin, domin a lokacin rani jiki na tara wutar nan da ke tsartuwa in ka taɓa ƙofa, kuma tana iya kashe ram ba ka sani ba. Ka samo sabon buroshin fenti mai laushi da bulowa irin ta masu gyara. Ka riƙe fukafukan kowace fanka da yatsa kafin ka hura, don iska mai ƙarfi tana juya ta fiye da ƙima ta lalata boris. Kada ka hura da baki saboda yawu, kada kuma ka kai wa mai faci, injinsa kan feso ruwa da mai tare da iskar. Fawa-fak ka hura ta daga waje kawai. Kada ka buɗe ta ko da ka hango gawar tsaka a ciki, domin kafasitocinta na riƙe wutar da ke iya illata mutum bayan an cire ta daga soket. Wannan aikin masu gyara ne.

Tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya akwai wani mai ruwan toka da masu gyara ke kira fest. Aikinsa cike 'yan ramukan da ido ba ya gani, don zafi ya ratsa daga wannan ƙarfe zuwa wancan. Naka mai yiwuwa tun na kamfani ne, ya bushe ya zama kamar busasshiyar laka. Ka bar injin ya ɗan yi ɗumi kafin ka kashe, tsohon fest ya fi saurin saki. Ka sassauta sukurori huɗun da ke riƙe da ƙarfen sanyaya kaɗan-kaɗan, wannan kusurwa sannan mai kallonta, ka ɗan murɗa ƙarfen kafin ka ɗaga. Ka goge fuskokin biyu da sifirit da tsumma marar gashi har su yi ƙyalli. Ka ɗiga sabo kamar ƙwayar wake a tsakiya, ka mayar ka ɗaure kamar yadda ka kwance. Arctic MX-4 na da kyau in ka samu na gaske. Abu biyu nake roƙonka. Kada ka saurari mai cewa man goge baki na yi. Kada kuma ka ɗaga furosesar daga mazauninta don ka gani, ƙarƙashinta akwai 'yan allurai 2011 masu laushi, in ɗaya ta lanƙwashe kana iya rasa madabod ɗin gaba ɗaya.

Dalilin da SpeedFan ba ta ga komai ba

Laifin ba naka ba ne. SpeedFan tsohuwar manhaja ce, fitowarta ta ƙarshe a 2016 ne, kuma ta fi jituwa da kwamfutocin da ake harhaɗawa da hannu. A irin taka, HP ta riƙe linzamin fankoki a cikin madabod, ba ta sakar wa manhajar waje. Inda aka bar maka ƙofa shi ne BIOS. Da ka kunna ka riƙa danna F10, ka shiga Power, ka zaɓi Thermal, za ka ga Fan Idle Mode. Wannan shi ne mafi ƙarancin gudun da fankoki za su yi. Sau da yawa mai ita na farko, ko ɗan kasuwar da ya gwada ta, ya ɗaga shi sama. Ka mayar da shi ƙasa ka adana. Babu haɗari a ciki, domin in zafi ya taso injin zai ƙara musu gudu da kansa.

Kana nan kuma ka duba agogo. In kwanan wata na ɓacewa duk lokacin da aka ɗauke wuta, ƙaramin batirin madabod ya mutu. CR2032 ne, mai kama da kwabo, masu gyaran agogo ma na sayar da shi. Akwai kuma ɗan ma'aunin zafin iska da HP kan saƙala a jikin wayar da ta fito daga maɓallin kunnawa. In wayar ta saki ko ma'aunin ya lalace, injin kan zaci ɗakin ya yi zafi, ya saki fankoki da gudu alhali komai da sanyinsa. Alamarsa ita ce lambobin littafinka su nuna lafiya, ƙara kuma ta ƙi sauka.

Shawarar zare wayar fankar baya kuwa, ga abin da za ta haifar. Duk kunnawa injin zai tsaya ya rubuto maka cewa bai ga fanka ba, sai ka danna F1. Iskar zafi za ta taru a ciki, sauran fankokin su ƙara gudu don su cike gurbi, ƙarar ta dawo ta wata ƙofa. Soson katifa kuma yana tare hanyar iska, yana tara ƙura, yana riƙe zafi, ga shi abin kama wuta. In fanka ta cinye boris, ɗigon man keken ɗinki a ƙarƙashin takardar da ke bayanta na iya sayo maka 'yan watanni, amma maganinta canji. Mafi sauƙi ka nemi irinta daga matacciyar Z420 a wurin masu gyara, don bakin wayar fankokin HP ya ɗan bambanta da na kasuwa. Haka fawa-fak ɗinta, ba kowace ce ke shiga ba.

Inda kuɗi zai yi amfani

In za ka kashe kuɗi, wuri biyu ne. Na farko katin hoto. Quadro 4000 ta 2010 ce, siririya ce mai 'yar ƙaramar fanka guda, kuma an san ta da zafi. Ƙaramar fanka dole ta yi gudu kafin ta tura iskar da babba za ta tura a hankali, shi ya sa kukanta ke da kaifi. Buga jarrabawa da katin biki da naɗar murya ba sa buƙatar ta. Quadro K620 wat 45 take ci, GeForce GT 1030 kuma wat 30, har akwai irinta da ba ta da fanka sam. Ka ga ka fitar da kusan wat ɗari daga akwatin, injin janareta ko inbata ma za su ji sauƙi. Sai dai kada ka cire katin ka bar wurin haka nan, domin wannan Xeon ba ta fitar da hoto da kanta. Ka nemi mai shago ya karɓi tsohon ka yi ciko, a kuma gwada sabon a gabanka.

Na biyu faifan ajiya. Tsohon faifai yana juyawa sau 7200 a minti ɗaya, yana girgiza akwatin duka. SSD babu abin da ke motsi a cikinsa, ba ya ƙara, kuma zai sa injin ya tashi da sauri har ka yi mamaki. A madabod ɗinka ramuka biyu ne masu cikakken gudu, ka sa mai gyara ya nuna maka su. Kafin nan ka duba lafiyar tsohon da CrystalDiskInfo. A nan ina magana ne da ciwo a zuciya. Na taɓa yin watanni ina jin ƙas-ƙas a wata kwamfutata ina cewa gobe zan kwashe kayana. Ranar da ta ƙi tashi, hotunan mahaifina na shekarunsa na ƙarshe suna ciki, ba ni da su a ko'ina, kuma ba su dawo ba. Tun daga nan ba na taɓa sukuru ɗaya sai na kwafe abin da ke da muhimmanci a wuri biyu. Kai ma darussanka da hotunan jaririya su fara fita kafin komai. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wurin zamanta ma yana da tasiri, kuma kyauta ne. Ka ɗauke ta daga ƙasa inda shara ke tashi, ka ɗora kan ɗan benci mai ƙarfi. Kada ka kulle ta cikin kabad, ka bar aƙalla taƙi guda tsakanin bayanta da bango. Ka yanka tsohon silifa gida huɗu ka sa a ƙarƙashinta, zai shanye girgiza. Ka matsar da ita daga bangon da kuka haɗa da ɗakin kwana. Da hunturu ka ɗaura ƙyallen gidan sauro a fuskarta, kana wanke shi duk mako, in kuma ka kashe ta ta huce ka lulluɓe ta da zane. Murfin gefe ka mayar da shi, don an tsara iskar ta shiga ta gaba ta fita ta baya.

Manhajojin da ke hura wutar

Yanzu ga ɓangaren da ya shafi sha'awarka. Mai yawan ɗora manhaja yakan tara baƙin da suka ƙi tafiya. Ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe. Ka zauna ka zuba ido minti biyar ba ka yin komai. Injin da ke hutawa bai kamata furosesarsa ta wuce 'yan kaso kaɗan cikin ɗari ba. In ka ga tana kan ashirin ko talatin, wani na aiki a bayan idonka. Ka leƙa jerin masu tashi tare da Windows ka kashe waɗanda ba ka buƙata. In maganin bairos biyu ka ɗora, ka cire ɗaya, suna faɗa da juna ne. Ka yi hattara da fasassun manhajojin da ake tura wa mutane a filash. Wasu na zuwa da ɓoyayyen shiri mai haƙar kuɗin kirifto, wani can yana cin riba, kai kana biyan wuta da barcin iyalinka. Alamarsa katin hoto ya yi zafi alhali ba ka buɗe komai ba.

Akwai dabara guda da nake so ƙwarai. A cikin Power Options ka zaɓi Balanced, ka shiga saitin da ke ciki, inda aka rubuta Maximum processor state ka mayar da 100 ya koma 99. Wannan kaso ɗayan yana hana furosesa yin ƙarin tsallen da Intel ke kira Turbo Boost, wanda ke cin wuta da yawa a kan ɗan ƙarin gudu. A aikin rubutu da murya da wuya ka ji bambanci, amma littafinka zai nuna maka shi. Ka gwada da dare, in kana da aiki mai nauyi da rana ka mayar.

Batun Linux, abokinka ya faɗi rabin gaskiya. Linux ba ta share ƙura, ba ta gyara boris. Amma irin su Linux Mint mai fuskar Xfce ba su da yawan hidimar bayan fage, injin kan samu hutu. Akwai kuma dalilin da ya fi ƙara nauyi. Microsoft ta sa 14 ga Oktoba 2025 a matsayin ranar ƙarshen tallafin Windows 10 na yau da kullum, Z420 kuma ba ta cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Don haka koyon Linux zai tsawaita rayuwar injinka. LibreOffice zai buga maka jarrabawa har da alamomin lissafi, Audacity na nan don murya, Inkscape da GIMP don zane, kuma akwai tsarin kibod na Hausa mai ɓ da ɗ da ƙ. Sai dai in da CorelDRAW kake haɗa katin biki, ka sani ba a yi shi don Linux ba, hannunka zai ɗauki lokaci kafin ya saba da Inkscape. Tsohon Quadro ɗin ma yana iya ba ka wahala, don Nvidia ta daina sabunta masa direba.

Saboda haka kada ka goge Windows a dare ɗaya. Ka sa Mint a filash da Rufus ko Ventoy, ka tashi injin daga filash ɗin, ka yi kwanaki kana gwadawa ba ka taɓa faifanka ba. In ta kwanta maka, ka ba ta faifai nata daban. Gwaje-gwajen manhaja kuma ka mayar da su cikin VirtualBox, wato kwamfuta a cikin kwamfuta, in ta rikice ka share ka sake sabuwa. Injinka na da ƙarfin ɗaukar wannan. Ta haka sha'awarka ba za ta riƙa cin abincin sana'arka ba.

Naɗar darasi kuwa, ka kusanto da makirfo bakinka kamar yatsu huɗu, ka juya bayansa ga injin, ka ƙara tsawon waya ka yi nisa da shi. Bayan sallar asuba ya fi, gari da sanyi, unguwa shiru. Ka bar daƙiƙa biyar a farko ba ka ce komai ba, Audacity za ta ɗauki samfurin ƙarar daga nan ta rage ta a sauran. Kada ka matsa mata da yawa, murya kan koma kamar daga cikin tulu.

Ka bi su ɗaya bayan ɗaya, Malam: awo, shara, fest, BIOS, manhaja, sannan kasuwa. Bayan kowane mataki ka auna ka rubuta. Wanda ya canja abu biyar a rana ɗaya, in an dace bai san wanne ya yi aiki ba, in an ɓata bai san inda zai koma ba. Sannu ba ta hana zuwa. Matakai biyar na farko kuɗin fest da batir da kayan shara kawai za su ci maka, kuma a irin labarin da ka ba ni, ina sa ran yawancin ƙarar a nan za ta tafi.

Gaskiya ɗaya zan ƙara maka. Injin mai fankoki huɗu ba zai yi shiru kamar waya ba, balle a bazarar Zariya. Abin da za ka nema shi ne a rufe ƙofar ɗaki, maiɗaki ta kasa faɗa maka ko a kunne take ko a kashe. Ita ce alƙaliyar wannan aiki, ta fi duk manhajar auna ƙara. In an kai nan, za ka samu wata riba da ba ka nema ba: injin da ya yi shiru, duk sabon sautin da ya fito daga cikinsa za ka ji shi tun yana ƙarami, ka san fanka ce ko faifai, ka tare shi kafin ya yi ɓarna. Ranar da za ka yi sharar kuma ka kira biyu ko uku daga cikin ɗalibanka su riƙe maka buroshi, su ga wat da digirin da kake rubuta musu a allo suna aiki a cikin ƙarfe. Ka rubuto mini lambobin farko da na ƙarshe, ina jiran su. A gaida maiɗaki, a shafa mini kan jaririya. Allah ya sa a dace.